Babi na Biyar: Togo da Kamaru a Bayan Garin Berlin

A shekarar 1899, wanda ya bi Titin Müller daga tsakiyar Berlin ya nufi arewa maso yamma, ba zai yi nisa ba zai ga gidaje sun fara ƙarewa. Daga nan sai fili, sai tuddan rairayi da iska ke kwasa tana watsa wa masu wucewa a ido. Sunan yankin Wedding. Tun 1861 aka shigar da shi cikin birni, amma dai bayan gari ne, mazaunin talakawa da 'yan ƙwadago waɗanda masana'antu irin su AEG da Schering suka janyo daga ƙauyuka. Masu tsara gari sun riga sun shata tituna a kan takarda, kowanne da lambarsa, ana jiran ranar da gini zai iso. A wannan shekara aka ɗauki biyu daga cikin layukan nan aka raɗa musu suna, ɗaya Titin Togo, ɗaya Titin Kamaru. Shekara goma sha biyar ke nan da kafa tutar Jamus a waɗannan ƙasashe biyu.

Mutanen Berlin suna da al'adar raɗa wa tituna suna rukuni-rukuni. Ƙetaren Titin Müller, tituna sunayen biranen Birtaniya suka ɗauka, su Landan da Liverpool da Glasgow, saboda ziyarar da Sarki Edward na Bakwai ya kawo birnin a 1909. Kudu kaɗan kuma biranen Beljiyam ne. Dabarar tana da amfaninta: mai raba wasiƙu ko mai karusa da ya ji sunan titi ya san ɓangaren garin da zai dosa, ko da bai taɓa taka wurin ba. Haka wannan yanki ya samu nasa rabon, har ya zama abin da ake kira Unguwar Afirka, mai tituna fiye da ashirin.

A Kano in ka ji Tudun Nufawa ka san Nufawa ne suka sauka a wurin, in ka ji Dandalin Turawa ka san fataken Larabawa ne suka zauna. Suna yana bin mutane. A Wedding sunan ne ya riga mutane isa, kuma waɗanda suka tare ba su da wata alaƙa da shi. Maƙera ne da masu haɗa injuna da mata masu ɗinki, akasarinsu magoya bayan jam'iyyun 'yan ƙwadago, har ana yi wa yankin laƙabi da Jar Wedding. Sunayen ba don su aka zaɓa ba. An zaɓe su ne don ƙasa ta riƙa tuna wa kanta, safe da yamma, cewa ita ma ta shiga sahun masu mulkin mallaka.

Akwai labarin da 'yan unguwar ke son bayarwa in baƙo ya tambayi asalin sunayen. Carl Hagenbeck, attajirin Hamburg mai fataucin namun daji, ya yi niyyar kafa wani babban gidan namun daji a kan tuddan rairayin nan, inda za a riƙa baje dabbobin Afirka. Ba dabbobi kaɗai ba: Hagenbeck ya yi suna wajen kawo mutane daga ƙasashe masu nisa ya tsayar da su cikin shinge, da bukkokinsu da tukwanensu, jama'a su biya kuɗi su yi kallo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya wargaza shirin, daga baya aka mai da tuddan wurin shaƙatawar jama'a mai suna Rehberge, wanda aka kammala a 1929. Labarin yana da daɗin ji, kuma yana sauke wa hukumar birni nauyi, kamar sunayen ado ne kawai aka yi wa gidan zu. Amma wanda ya jera sunayen bisa shekarun da aka raɗa su zai ga kalandar siyasar ƙasa suke bi, ba ta Hagenbeck ba.

Titin Transvaal ya zo a 1907, lokacin da Jamusawa ke jin tausayin Turawan Boer da Ingilishi suka murƙushe a kudancin Afirka. Titin Swakopmund da Titin Windhuk sun zo a 1910, shekara biyu bayan sojojin Jamus sun gama da al'ummun Herero da Nama a ƙasar da yau ake kira Namibiya. A Swakopmund ɗin nan akwai ɗaya daga cikin sansanonin gwale-gwalen da aka tsare waɗanda suka tsira. Titin Otawi na 1911 sunan yankin da ake haƙo jan ƙarfe ne, aka kuma shimfiɗa masa layin dogo zuwa bakin teku. Titin Kongo ya biyo baya a 1912, watanni kaɗan bayan Faransa ta yanka wa Jamus wani ɓangare na Kongo don ta sakar mata Maroko. Duk abin da aka samu a can, sai a rubuta shi a kan allo a nan.

Bahaushe da ya tsaya a ƙarƙashin allon Titin Togo, ba baƙo ba ne ƙwarai a labarin. Rundunar 'yan sandan farko da Jamusawa suka kafa a Togo a 1885, Hausawa suka ɗiba suka ba su bindiga. A Kete-Krachi, wadda a lokacin tana hannun Jamus, yanzu kuma tana cikin Gana, Imam Umaru haifaffen Kano ya zauna da jami'in mulki Adam Mischlich yana rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da al'adunta. Mischlich ɗin nan shi ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Titin Kamaru kuwa ya haɗa har da Garwa da Jamusawa suka ci a 1901, da Marwa inda suka karya rundunar da ta taru wa Lamiɗo Zubairu na Adamawa a 1902, da Dikwa ta Borno wadda ta yi shekaru a ƙarƙashinsu.

Sunayen garuruwa da koguna ba su ne suka haddasa rigimar da ta ɗauki shekara kusan arba'in ba. Sunayen mutum uku ne: Lüderitz, Nachtigal da Peters.

Adolf Lüderitz ɗan kasuwar taba ne daga Bremen. Ya fara gwada sa'arsa a Legas a 1881, abin bai yi masa daɗi ba, sai ya juya kudu. A watan Mayu 1883 wakilinsa Heinrich Vogelsang ya sayi wata mashigar teku da filin da ke kewaye da ita daga hannun Josef Frederiks, shugaban Nama na Bethanie, a kan fam 100 da bindigogi 200. A watan Agusta aka ƙulla ciniki na biyu: bakin teku tun daga Kogin Orange zuwa arewa, faɗinsa mil ashirin, a kan fam 500 da bindigogi 60. Frederiks mil ɗin Ingilishi ya sani, wanda bai wuce kilomita 1.6 ba. A takarda kuwa mil ɗin Jamus aka nufa, mai kilomita 7.4, kuma ba wanda ya yi masa bayani. Da ya farga, kusan duk ƙasar mutanensa ta tafi. Wannan ha'inci shi ne harsashin mulkin Jamus a Namibiya. Lüderitz kansa bai ci moriyarsa ba, ya nutse a ruwa a 1886 yana neman ma'adinai. A 1902 Berlin ta saka masa da titi.

Na biyun shi ne wanda ya fi wuyar yanke wa hukunci, kuma shi ne wanda ya taka ƙasarmu.

Gustav Nachtigal likita ne. Ciwon huhu ya kai shi arewacin Afirka neman busasshiyar iska, ya koyi Larabci, ya zama likita a fadar sarkin Tunis. A 1869 aka nemi wanda zai kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtuka daga Sarki Wilhelm na Ɗaya na Prusiya, tukwicin karamcin da Shehun ya yi wa matafiyan Jamus, ciki har da Heinrich Barth wanda aka sani a nan da Abdulkarim. Nachtigal ya karɓi aikin. Ya tashi daga Tarabulus ya bi ta Murzuk, ya ratse zuwa duwatsun Tibesti inda da ƙyar ya fita da ransa, ya iso Kukawa a watan Yuli 1870. A cikin kayan akwai karagar mulki mai ado, da hotunan sarki da sarauniya da yarima, da bindigogi. Idris Efendi ake kiransa. Ya daɗe a Borno, guzurinsa ya ƙare, Shehu ya riƙe shi riƙon baƙo. Daga nan ya zaga Kanem da Borku da Bagarmi, ya shiga Wadai inda aka kashe ɗan ƙasarsu Eduard Vogel a 1856, ya fito lafiya, ya ratsa Darfur, ya isa Alkahira a ƙarshen 1874. Littafinsa, Sahara und Sudan, har yau masu binciken tarihin Borno ba sa iya tsallake shi. A Bagarmi ya ga harin kamun bayi da idonsa, ya rubuta shi da ɗacin rai. In aka gwada shi da sauran Turawan zamaninsa, ya fi yawancinsu kallon mutanen da ya tarar a matsayin mutane.

Sai ga 1884. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya naɗa shi wakilin daular Jamus a yammacin Afirka, ya hau jirgin ruwan yaƙi mai suna Möwe. Ranar 5 ga Yuli ya ƙulla yarjejeniyar da ta mai da Togo ta Jamus. Ranar 14 ga Yuli ya kafa tuta a Duwala, kwana biyu bayan sarakunan garin, Bell da Akwa, sun sa hannu a takarda da wakilan kamfanonin Hamburg. Ƙaramin jakadan Ingila, Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki da tasa takardar a hannu, ihu bayan hari. Daga nan Nachtigal ya gangara kudu ya sa wa cinikin Lüderitz hatimin gwamnati. Ƙasashe uku cikin wata huɗu, kafin ma a zauna taron Berlin na raba Afirka a watan Nuwamba. Zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirgi a watan Afrilu 1885, kan hanyar komawa gida.

Masu kare sunansa a kan allo kullum Nachtigal na Kukawa suke kawowa: likita, masani, maƙiyin cinikin bayi. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma taswirar unguwar da kanta ta ba da amsa. Babu Titin Borno a wurin, babu Titin Kukawa, babu Tibesti ko Wadai. Dandalin da aka ba shi a 1910 Titin Togo ne ya ratsa shi. Waɗanda suka zaɓi sunan sun san wane Nachtigal suke girmamawa, mai tuta ne, ba baƙon Shehu ba. A ganina wanda ya karanta littafinsa yana da damar ya ci gaba da ganin ƙimarsa, amma littafi daban, allon titi daban. Littafi yana da shafuka ɗaruruwa da zai faɗi alheri da sharri. Allo kalma ɗaya gare shi, kuma kalmar yabo ce.

A 1919 yarjejeniyar Versailles ta ƙwace wa Jamus duk ƙasashen da ta mallaka. Mai hankali zai zaci raɗin suna ya ƙare ke nan. Ina! A 1927, ƙarƙashin gwamnatin dimokuraɗiyya, aka ƙara Titin Duwala, da Titin Tanga inda sojojin Jamus suka kori na Ingila a 1914, da Titin Zambezi, har da Senegal da Uganda waɗanda ba su taɓa zama na Jamus ba. Sunayen farko na alfahari da abin hannu ne, waɗannan kuwa na ƙwafa ne da kwaɗayin a dawo. A shekarun nan ne kuma unguwar ta samu gine-ginen da masana ke zuwa kallo: gidajen haya da Mies van der Rohe ya zana a Titin Afirka a 1926 zuwa 1927, da rukunin gidaje masu shimfiɗaɗɗen rufi da aka sa wa sunan Friedrich Ebert, shugaban ƙasa na farko bayan faɗuwar sarauta. Gidaje ne masu iska da haske, an gina su don ɗan ƙwadago ya fita daga ɗakunan ƙunci na tsakiyar gari. Sabon tunani a jikin bango, tsohon buri a jikin allo.

Da 'yan Nazi suka hau mulki suka ɗora daga inda aka tsaya. Titunan Damara da Mohasi da Usambara suka zo a 1937 da 1938. A 1939 'yan lambunan da mazauna unguwar ke noma kayan miya da furanni suka samu suna mai ma'ana biyu, Mallakar Togo ta Dindindin. A wannan shekara kuma aka yanki wani ɓangare na Titin Landan aka ba Carl Peters.

Peters ba ya buƙatar dogon bincike, don mutanen zamaninsa sun riga sun yanke masa hukunci. Shi ne ya bi ƙauyukan gabashin Afirka a ƙarshen 1884 yana sa shugabanni su dangwala hannu a takardun da ba su san abin da ke ciki ba. A 1891 aka naɗa shi wakilin gwamnati a yankin Kilimanjaro. A can ya sa aka rataye baransa Mabruk, sannan aka rataye Jagodja, wata yarinya da ya ajiye a matsayin ƙwarƙwara, ya kuma sa aka ƙona ƙauyuka. Masu jin Swahili suka sa masa mai hannun jini, Jamusawa suka sa masa Peters mai rataya. A 1896 August Bebel, jagoran jam'iyyar 'yan ƙwadago, ya tona asirin a zauren majalisar dokoki, a 1897 aka kore shi daga aiki. Ya koma Landan ya zauna shekaru, ya mutu a 1918. Mutumin da daular sarki ma ta ji kunyarsa, shi Hitler ya wanke a 1937, aka yi masa fim a 1941, aka ba shi titi a tsakiyar unguwar magoya bayan Bebel.

Yaƙi ya ƙare, aka kankare sunayen manyan 'yan Nazi daga titunan Berlin, na Peters ya tsira. Abu ɗaya da ya nuna zamani ya juya shi ne Titin Gana na 1958, shekara guda bayan Kwame Nkrumah ya karɓi 'yancin ƙasarsa. Shi ne titi na farko a unguwar da aka raɗa wa suna don wata ƙasar Afirka ta tsaya da ƙafarta, shi ne kuma na ƙarshe da aka ƙara kafin a yi shiru na shekaru.

A shekarun 1980 ƙorafi a kan Peters ya yi yawa. Hukumar gunduma ta nemi hanyar da ba za ta ɓata wa kowa ba, ta kuwa samu wata dabara. A 1986 ta sanar cewa daga yau Peters ɗin da ake nufi ba Carl ba ne, Hans Peters ne, wani masanin shari'a da ya yi adawa da Hitler a ɓoye, ya kuma zama ɗan majalisar birni bayan yaƙi. Aka liƙa ɗan ƙaramin allo na bayani a ƙarƙashin babban, shi ke nan. Ba wanda ya canja adireshi, ba wanda ya kashe ko sisi. Mu mun saba jin an sake wa tuwo suna. Su tuwon suka ce sun sake, suka bar sunan. Sai dai titin bai motsa daga inda yake ba: yana nan manne da Dandalin Nachtigal, taku kaɗan daga Titin Lüderitz, kewaye da Usambara da Tanga da Zanzibar. Me masanin shari'a ɗan Berlin yake yi a tsakanin waɗannan? Daga cikin duk abin da aka yi wa unguwar nan, wannan ne ya fi ba ni haushi. Na 1902 da na 1939 sun faɗi abin da suke nufi. Na 1986 sun san gaskiya, suka rufe ta da sunan mutumin kirki.

Waɗanda suka ƙi yarda da rufin, da yawansu 'yan Afirka ne mazauna Berlin da baƙaƙen fata haifaffun Jamus. Mnyaka Sururu Mboro, wanda ya taso a gindin Kilimanjaro inda labarin Peters bai mutu ba, ya shafe shekaru yana zagayawa da ɗalibai da baƙi titi-titi yana ba da tarihin kowane allo. Israel Kaunatjike, Baherere ɗan Namibiya, shi ma haka. Ƙungiyoyi irin su Berlin Postkolonial da ƙungiyar baƙaƙen fata ta Jamus, ISD, suka riƙe wuta. A 2010 suka ci nasarar farko a wata gunduma daban, Kreuzberg, inda aka cire sunan Gröben, wanda ya kafa wa masarautar Brandenburg ta Jamus sansani a gaɓar Gana a ƙarni na 17, aka sa na marubuciya May Ayim. A 2012 aka kafa allon tarihi kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Rehberge. Ba a iya daidaitawa a kan kalmomin da za a rubuta ba, don haka allon fuska biyu gare shi: ɗaya rubutun hukuma, ɗaya rubutun ƙungiyoyin.

A 2016 majalisar gundumar Mitte, wadda unguwar ke ƙarƙashinta, ta yanke shawarar canja sunayen uku. Nan aka gane cire suna ya fi sa wani sauƙi. Kwamitin da aka ɗora wa zaɓe ya fito a 2017 da sunaye uku: Martin Dibobe, ɗan Kamaru da ya tuƙa jirgin ƙasa na cikin birnin Berlin ya kuma kai wa gwamnati takardar neman haƙƙin 'yan Afirka a 1919, Yaa Asantewaa, wadda ta ja ragamar Asante a yaƙin 1900, da Sarauniya Nzinga ta Angola. Sai aka ce a dakata. Yaa Asantewaa da Ingilishi ta yi yaƙi, ba da Jamus ba. Nzinga kuwa, duk da jarumtarta a gaban Turawan Fotugal, ita ma ta sayar da bayi. Jaridu suka samu abin yi, masu adawa suka yi ta dariya: a cire maƙiyin cinikin bayi a sa mai sayar da su? Aka janye jerin, aka nemi shawarar masana tarihi, aka sake lale.

Masu adawar nan ba a taru aka zama ɗaya ba. Akwai mai shago da ke lissafin kuɗin sake buga takardun kasuwanci da allon ƙofa. Akwai tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana rubuta adireshi ɗaya, wadda a wurinta Lüderitz ba ɗan kasuwar Bremen ba ne, titin da ta goyi 'ya'yanta ne. Wannan ba abin rainawa ba ne, kuma masu fafutuka ba kullum suka saurare shi da kunnen da ya dace ba. Akwai kuma waɗanda suka kafa ƙungiya suka ce a maimaita dabarar 1986: a ce Lüderitz garin da ke Namibiya ake nufi, Nachtigal kuma wani malamin addinin Kirista ne mai irin sunan. Takardun ƙin amincewa suka yi ta shiga ofishin gunduma, wasu suka garzaya kotu. Shawarar da majalisa ta zartar a 2018 sai da ta yi shekara huɗu kafin a ɗaga allo ko ɗaya. Ana cikin haka, a 2020, gwamnatin Berlin ta gyara ƙa'idar raɗa wa tituna suna, ta shigar da taka rawa a mulkin mallaka cikin dalilan da za a iya cire sunan mutum, kamar yadda tun da aka tanada ga 'yan Nazi.

Ranar 2 ga Disamba 2022 aka yi bikin farko. Titin Lüderitz ya koma Titin Cornelius Fredericks. Shi ma daga Nama na Bethanie yake, mutanen da aka yi wa ha'incin mil. Ya yi wa sojojin Jamus yaƙin sunƙuru har 1906, ya mutu a watan Fabrairu 1907 a sansanin Tsibirin Shark, a bakin garin da har yau ke ɗauke da sunan Lüderitz. Ana ƙiyasta cewa a wannan yaƙi Herero sun rasa kusan kashi huɗu cikin biyar na mutanensu, Nama kuma kusan rabi. A 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara talatin a matsayin tallafin raya ƙasa, ta ƙi kiransa diyya. Shugabannin Herero da Nama da dama suka yi watsi da tayin. Allon titi ya fi wannan araha nesa ba kusa ba, kuma ba laifi mutum ya riƙa tuna haka in ana tafi a wurin biki.

Dandalin Nachtigal ya koma Dandalin Manga Bell, don tunawa da Rudolf Duala Manga Bell da matarsa Emily. Rudolf jikan Sarki Bell ne, wanda ya sa hannu a takardar 1884. A Jamus ya yi karatu, a Aalen da Ulm, ya san harshensu da dokarsu. Daga 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta fara shirin tashin mutanen Duwala daga bakin kogi, a mai da su can cikin fadama, a bar wa Turawa wurin. Rudolf bai ɗauki makami ba. Takarda ya ɗauka, ya rubuta wa majalisar dokokin Jamus, ya nemi lauyoyi da 'yan jarida, yana nuna musu sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar da Nachtigal ya kafa tuta a kanta: cewa garuruwa da gonakin mutanen Duwala za su ci gaba da zama nasu. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Ranar 8 ga Agusta 1914, kwanaki kaɗan da ɓarkewar yaƙin duniya, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. Magajin gidan sarautar Bell ya zo daga Duwala ya halarci ɗaga allon.

Titin Peters ne ya fi jinkiri, kuma dabarar 1986 ce ta jawo. Tun da a bisa ɗan allon nan titin na wani ɗan adawar Hitler ne, da wace hujja za a cire shi? Sai da aka sha muhawarar shari'a a kan ko liƙa allon bayani ya canja wani abu a hukumance. Ranar 23 ga Agusta 2024 aka raba titin biyu. Ɓangare ɗaya ya ɗauki sunan Maji Maji, tawayen da ya haɗa ƙabilu da dama a kudancin Tanzaniya daga 1905 zuwa 1907, wanda Jamusawa suka kashe ta hanyar ƙona gonaki da rumbuna; ƙiyasin waɗanda suka mutu, akasari da yunwa, ya kama daga dubu 75 zuwa dubu 300. Ɗaya ɓangaren ya ɗauki sunan Anna Mungunda, Bahereriya da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe a Windhuk ranar 10 ga Disamba 1959, a zanga-zangar ƙin tashin baƙar fata daga tsohuwar unguwarsu zuwa Katutura. Ita ce mace ta farko da ta samu titi nata ita kaɗai a Unguwar Afirka.

Bisa al'adar Berlin, in an canja wa titi suna ana barin tsohon allon na wata shida a ƙarƙashin sabon, an ja masa jan layi, don masu kawo saƙo da motocin asibiti kada su ɓata. Mazauna kuma su je ofis a liƙa musu sabon adireshi a katin shaida. Sunayen wurare ba a taɓa su ba: Togo, Kamaru, Swakopmund, Otawi da Tanga suna nan, kuma yawancin masu fafutukar ba su nemi a cire su ba, sun ce a bar su su zama abin koyar da yara. Masu lambu sun riga kowa, tun 2014 suka cire kalmar mallaka daga sunan ƙungiyarsu suka bar Togo. A Titin Kamaru da kewayensa yanzu akwai shagunan 'yan Afirka masu sayar da doya da manja da busasshen kifi. Hans Peters kuwa, wanda aka ara sunansa shekara 38 ba tare da ya san hawa ko sauka ba, don tun 1966 ya rasu, ya fita daga unguwar tare da takwaransa.